Yadda baƙo zai kalli flamenko a Sifaniya ya fahimci abin da ke gabansa

Duk wanda ya sauka a Sevilla ko Granada ko Madrid ba zai yi nisa da masaukinsa ba sai ya ci karo da tallar flamenko, kuma kusan kullum hoto ɗaya ne: mace sanye da jar riga mai dogon jela, ta ɗaga hannuwa sama, ga lokutan wasa a rubuce a ƙasa. Wannan hoton ne ya sa yawancin baƙi suka ɗauka cewa flamenko rawa ce kawai. Su kuwa masu abin sun gina shi ne a kan waƙa da kiɗan jita da rawa, kuma a cikin ukun waƙar ce uwa. Wanda ya shiga da wannan sani zai fi amfana da daren nasa a kan wanda ya je kallon riga da bugun ƙafa.

Asalin flamenko yankin Andalus ne a kudancin ƙasar, musamman tsakanin Sevilla da Jerez de la Frontera da Cádiz, inda al'ummar Gitano, wato mutanen da aka fi sani da Gypsy, waɗanda suka shigo Sifaniya a ƙarni na 15, suka taka babbar rawa wajen raya shi tare da sauran talakawan yankin. Wasu masu jagorar 'yan yawon buɗe ido kan so su nuna cewa kai tsaye ya fito daga zamanin mulkin Musulmi, amma flamenko kamar yadda aka san shi yau bai bayyana ba sai ƙarshen ƙarni na 18 da cikin na 19, ƙarnuka bayan faɗuwar Granada, daular Musulmi ta ƙarshe a ƙasar, a 1492. A shekarar 2010 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun gado na ɗan Adam.

Abu na farko da baƙo zai yanke shawara a kai shi ne inda zai je, domin wuraren ba iri ɗaya ba ne. Mafi sauƙin samu shi ne gidan wasa da ake kira tablao, wanda ke da ɗan dandamali na katako, yana kuma yin wasa kowane dare, sau da yawa fiye da sau ɗaya. Akwai tsofaffi masu suna a cikinsu, irin su Corral de la Morería na Madrid da aka buɗe a 1956, da Los Gallos na Sevilla da aka buɗe a 1966. A Sevilla kuma akwai gidan tarihin rawar flamenko da fitacciyar mai rawa Cristina Hoyos ta kafa, inda mutum zai zaga da rana ya kuma kalli wasa da yamma. Wasu sukan raina tablao da cewa na 'yan yawon buɗe ido ne, amma wannan rainin ya wuce gona da iri, domin ƙwararrun mawaƙa da masu rawa da yawa a nan suke neman abincinsu, kuma a nan suka goge. Abin da ya kamata a duba shi ne girman ɗakin da tsarin gidan. Ƙaramin ɗaki wanda ake jin muryar mawaƙi ba tare da lasifika ba ya fi babban zaure da ake sauke mutane mota-mota. Gidan da ke rubuta sunayen waɗanda za su yi wasa a wannan daren yana mutunta masu wasansa, kuma alama ce mai kyau. Wasan yakan ɗauki awa ɗaya zuwa awa ɗaya da rabi, tikitin da babu abinci a ciki kuwa yakan kama daga kusan Yuro 20 zuwa 50, gwargwadon gari da gida.

Game da abinci, shawarata ita ce a raba shi da kallon. Gidaje da dama na sayar da tikiti haɗe da abincin dare, kuɗin ya ƙaru sosai, sannan ƙarar cokula da kai-kawon masu hidima su raba wa mutum hankali. Tikiti na yau da kullum yakan zo da abin sha guda, kuma wanda ba ya shan giya zai iya neman lemo ko ruwa ba tare da kowa ya kalle shi ba. Wanda ba ya cin naman alade kuma sai ya tambaya kafin ya taɓa ƙananan abincin marmari da ake kira tapas, domin naman ya yawaita a cikinsu.

Nau'i na biyu shi ne peña, wato ƙungiyar masoya flamenko da ke da ɗakin taronta, mambobi na biyan kuɗin ƙungiya suna gayyato mawaƙa. Peña La Platería da ke unguwar Albaicín a Granada tun 1949 take, kuma tana da dararen da take buɗe ƙofa ga jama'a. A Málaga akwai Peña Juan Breva, a Sevilla akwai Torres Macarena. A irin waɗannan wurare ba lallai ba ne a ga rawa, wani lokaci mawaƙi ne da mai jita kawai a kan kujeru biyu, kuma ba a cika fara wasa a kan lokacin da aka rubuta ba. Sai dai masu sauraron sun san abin da suke ji, kuma zama a cikinsu karatu ne. Baƙo ya tuna cewa gidan wasu ya shiga, don haka ya nemi jadawalinsu tun da wuri, ya kuma bi abin da ya ga ana yi. A Granada akwai kuma kogunan Sacromonte, inda ake rawar zambra a cikin dogon ɗaki mai farin fenti, masu kallo a jere jikin bango, mai rawa na wucewa gab da gwiwoyinsu. Wurin yana da armashi, amma ingancin wasan ya bambanta daga kogo zuwa kogo.

Idan an samu zaɓin kujera, a zauna kusa da gaba, a inda ake ganin ƙafafun mai rawa da hannun mai jita lokaci guda. Dalili kuwa shi ne abin da ke gudana a kan dandamalin hira ce tsakanin masu wasan, kuma da ido da ƙafa suke yin ta. Mai jita zai fara shi kaɗai. Mawaƙin, yana zaune a bakin kujera, hannu ɗaya a kan gwiwa, zai runtse ido ya ja dogon sauti na "ay" don ya daidaita muryarsa kafin ya shiga baiti. Yayin da yake rera baitin, mai rawa ba ta cika ƙasa da bugu, jiki da hannuwa take motsawa a hankali don kada ta danne muryar. Idan baitin ya ƙare sai ta buga wasu 'yan takun ƙafa masu ƙarfi waɗanda ke sanar da mawaƙi ya shigo da wani baitin, ko su sanar da mai jita cewa za a sauya sashe. Daga baya ne take shiga dogon sashen aikin ƙafa, inda takalmanta masu ƙananan ƙusoshi a gaba da dunduniya ke zama abin kiɗa, a wannan lokaci kuwa idon mai jita ba ya barin ƙafarta, domin ita ke ƙara sauri ko ta rage. Yawancin wannan ba a haddace shi daga farko zuwa ƙarshe ba, mutanen da ba su taɓa wasa tare ba suna iya hawa dandamali su daidaita saboda duk sun san waɗannan alamomi.

Abin da ke riƙe su duka shi ne ma'aunin kiɗa da suke kira compás. Salon flamenko suna da yawa, kowanne da ma'auninsa da yanayinsa, amma baƙo ya riƙe kaɗan sun ishe shi. Soleá mai nauyi ce, a hankali take tafiya. Seguiriya ta fi ta ɗaci, mutuwa da rashi da ƙunci ne yawancin zancenta. Alegrías ta Cádiz ce, mai haske da walwala, a cikinta aka fi ganin rigar nan mai jela da babban mayafi. Bulerías, wadda Jerez ta yi fice da ita, mai sauri ce da barkwanci. Soleá da alegrías da bulerías duk suna kan zagaye na bugu 12, ana ƙarfafa na 3 da na 6 da na 8 da na 10 da na 12, tangos kuwa bugu 4 ne, shi ya sa ta fi sauƙin bi. Yana da kyau kafin ranar wasan mutum ya saurari faifan mawaƙi Camarón de la Isla, wanda ya rasu a 1992, tare da jitar Paco de Lucía, wanda ya rasu a 2014, yana ƙirga bugun a zuciyarsa har kunnensa ya saba. Akwatin katakon da akan ga wani a kan dandamali ya zauna a kai yana bugawa kuwa, ƙungiyar Paco de Lucía ce ta shigo da shi daga Peru a ƙarshen shekarun 1970.

Daga nan ne babbar ƙa'idar ladabin wurin ta fito: kada baƙo ya taya masu wasa tafi yayin da ake kiɗa. Tafin da ake yi a kan dandamali sana'a ce mai zaman kanta, akwai mai taushi da ake yi da tafin hannu a ɗan lanƙwashe lokacin da mawaƙi ke rerawa, akwai mai kaifi da ake yi da yatsu a kan tafin hannu lokacin aikin ƙafa, kuma sau da yawa mutum biyu ne ke saƙa bugunsu, na ɗaya na faɗawa tsakanin na ɗayan. Tafin da ya kauce daga cikin masu kallo yana iya rikita mai rawa. A jira sai an kammala sannan a tafa yadda ake so. Haka ma kirarin "olé" da makamantansa da za a ji ana jefawa, suna da gurbin da suke faɗawa, galibi a ƙarshen jimlar waƙa ko bayan an rufe taku da kyau. A daren farko gara mutum ya saurari inda 'yan gari ke jefa nasu. Waya kuma a kashe mata ƙara, kada a haska fitilar hoto, gidaje da yawa ma sun hana ɗaukar hoto sai a mintunan ƙarshe. Surutu a lokacin da mawaƙi ke rera seguiriya rashin mutunci ne babba a idon masu wurin.

Wanda ke da halin zaɓar lokacin tafiyarsa zai iya daidaita ta da bukukuwa. Bienal ta Sevilla, babban bikin flamenko na garin, wadda aka fara a 1980, ana yin ta ne duk bayan shekara biyu a wajajen Satumba, a shekarun da biyu ke raba su daidai. Bikin Jerez na ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris ya fi karkata ga rawa, ana kuma ba da darussa a cikinsa. A watan Agusta akwai gasar waƙar ma'aikatan ma'adinai a La Unión da ke yankin Murcia, wadda ake yi tun 1961. Bikin Afrilu na Sevilla kuwa daban yake: rawar sevillanas ake yi bibbiyu don nishaɗi, kuma yawancin rumfunan na iyalai ne da ƙungiyoyi, sai da gayyata ake shiga. Daga Sevilla zuwa Jerez tafiyar kusan awa ɗaya ce a jirgin ƙasa, kuma unguwannin Santiago da San Miguel na can sun cancanci a kwana dominsu. A watannin Yuli da Agusta zafin Sevilla kan haura digiri 40, don haka wasan can cikin dare ya fi daɗi.

Makarantu da dama a waɗannan garuruwa suna ba baƙi darasin awa ɗaya. Idan za a zaɓa, darasin tafi da compás ya fi na rawa amfani ga mai kallo, kuma a yi shi kafin daren wasan.

A ƙarshen wasan kuma kada a yi gaggawar tashi don neman tasi. Bayan an gama abin da aka tsara, masu wasan sukan tashi tsaye su yi rabin da'ira a gaban dandamali, sau da yawa ba tare da jita ba, sai tafi da murya, su shiga bulerías, kowa ya fito ya taka na ɗan lokaci ya koma. A nan ne ake ganin mawaƙi na rawa, wani lokaci har mai jita ya ajiye jitarsa a tura shi tsakiya, abokan aikinsa na yi masa dariya da kirari.