Yadda ake cire kalmar sirrin da aka manta daga faifan ajiyar tsohuwar laftof

Ka ciro faifan ajiya daga tsohuwar laftof don ka sake amfani da shi, ka jona, sai ya tsaya cik yana neman kalmar sirrin da babu mai tuna ta. Kada ka yi saurin jefar da shi. Sau da yawa yana dawowa aiki, sai dai a mafi yawan hanyoyin duk abin da ke ciki zai goge. Faifan kake ceto, ba hotuna da takardu ba. Kuma ka tabbatar naka ne, ko mai shi ya yarje maka.

Fara da gane irin makullin, domin nan mutane suka fi ɓata lokaci. Idan kalmar shiga Windows ce, ko BitLocker (tsarin Windows na ɓoye bayanan faifai), aikin ba wuya. Jona faifan a wata kwamfuta mai Windows, ka buɗe diskpart, manhajar sarrafa faifai ta rubuta umarni, ka rubuta list disk, sannan select disk da lambar faifan, sai clean. Duba lambar nan sau biyu kafin ka danna, don clean ba ya tambayar ko ka tabbata. Daga nan sai ka yi masa fomatin.

Mai wuyar ita ce wadda ke fitowa da zarar ka kunna na'ura, tun Windows bai tashi ba, kuma take bin faifan duk inda ka kai shi. Wannan makullin ATA ne, wato tsarin tsaro na faifai masu jonin SATA, a jikin faifan kansa yake zaune. Shi ya sa cire ƙaramin batirin CMOS, mai riƙe saitunan kwamfuta, ba ya yi masa komai, fomatin ma ba ya yiwuwa, tunda faifan ba zai bari a karanta ko a rubuta ba.

Idan kana ɗan tuna kalmar, mayar da faifan cikin laftof ɗin da aka kulle shi a kai ka gwada a can. Wasu na'urori, kamar ThinkPad, suna sauya fasalin haruffan kafin su miƙa wa faifan, don haka kalmar daidai ma takan ƙi shiga a wata kwamfutar. Bayan kuskure 5 faifan zai daina sauraronka, sai ka kashe wuta ka sake kunnawa.

In hakan bai yi ba, nemi kwamfutar tebur, ka tayar da Linux daga filash, ka jona faifan kai tsaye da wayar SATA. Guji akwatin USB, domin da yawansu ba sa isar da irin wannan umarni. Rubuta hdparm -I /dev/sdb, kana sauya sdb da sunan naka faifan, ka karanta sashen tsaro a ƙasa. Zai nuna ko a kulle yake, da matakin tsaron: high ko maximum.

Bambancin nan yana da nauyi. Faifan ATA yana da kalma biyu, ta mai amfani da kuma babbar kalma, wadda ta fito daga masana'anta ko BIOS, manhajar da ke tayar da kwamfuta, ya saita. A matakin high, babbar kalmar tana buɗe faifan: ka rubuta hdparm da --security-unlock da babbar kalmar, sannan --security-disable, tare da --user-master m. A matakin maximum kuwa ba ta buɗewa, gogewa kawai take iya yi da --security-erase, makullin ya tafi tare da bayanan. A faifai mai juyawa gogewar tana iya cin sa'o'i, kuma hdparm yana nuna ƙiyasin lokacin. Kada wuta ta yanke a tsakiya.

Ina za ka samo babbar kalmar? Tuntuɓi kamfanin da ya ƙera laftof ɗin da shaidar saye da lambar na'urar. Wasu suna bayarwa, wasu ba sa yi. Ni dai ba na ba da shawarar sauke manhajojin da ke alkawarin fasa kowane faifai, don nan ake kwaso ƙwayar cuta.

Masu SSD mai tsarin Opal, wanda ke ɓoye bayanansa da kansa, sun fi kowa samun sauƙi. Duba takardar da ke manne a jikinsa, za ka ga lambar PSID mai haruffa 32. Ka shigar da ita ta manhajar sedutil, faifan ya watsar da mabuɗin ɓoye bayanansa, ya koma yadda ya fito daga kwali cikin ɗan lokaci kaɗan.

Da ya buɗe, kada ka ɗora masa komai tukuna. Duba lafiyarsa da smartctl -a ko CrystalDiskInfo, domin tsohon faifai mai ɓatattun sassa bai dace da ajiye abu mai muhimmanci ba. Idan kuma babbar kalmar ta gagara samuwa, masu dawo da bayanai suna da na'urori irin su PC-3000 da ke cire makullin, amma ka fara kwatanta kuɗin aikinsu da na sabon faifai mai girma ɗaya.