Kar fankshin ɗinka ya dawo hannu rabbana ba ka sani ba

'Yan uwa masu koyon Python a Birnin Kebbi da Jega da Argungu, ku riƙe wannan tun yanzu. Duk fankshin da ka rubuta sai ya dawo da wani abu, ko ka so ko ka ƙi. In ba ka sa return ba, Python da kanta za ta miƙo maka None (wato babu komai), JavaScript kuma undefined, shiru ba ko gargaɗi.

A ce kana rubuta wa mai shagon shinkafa manhaja, fankshin nemo_farashi yana duba sunan kaya ya fito da kuɗin buhu. To in babu kayan a lissafi fa? Da yawa sai su ce ya dawo da 0 kawai. Don Allah kar ka yi haka. Sifili ma farashi ne a wajen kwamfuta, rasit zai fita buhu ya zama kyauta kuma manhajar ba za ta tsaya ba balle yaron shago ya lura, sai an zo lissafin dare a ga kuɗi ba su cika ba a fara zargin wanda bai ji ba bai gani ba. Wannan kam yana min ciwo.

Fara da tambayar kanka: rashin samun kayan abu ne da aka saba, ko matsala ce? In an saba, rubuta return None da hannunka a ƙarshe, PEP 8, ƙa'idar salon rubuta Python, ma haka ta ce, kar wani reshe ya dawo da lamba wani ya yi gum. Wajen dubawa ka rubuta if farashi is None, ba if not farashi ba, don na biyun ba ya bambanta 0 da None. In kuwa matsala ce, raise ValueError da saƙon da mutum zai gane.

Python tana da duka biyun wajen neman abu a cikin rubutu (string): find yana ba ka -1 in bai samu ba, index kuma ValueError yake jefowa. Yi hattara da -1 ɗin nan, in ka zura shi a jeri abu na ƙarshe zai ɗauko maka.

Inda 0 ya dace shi ne ƙirga, kamar sayarwa.get("gero", 0), ba a sayar da gero yau ba, gaskiya ce. Fankshin mai dawo da jeri kuma ya dawo da [] in babu komai, for zai wuce lafiya lau. Daga Python 3.10 kana iya sa -> int | None a layin def, wanda zai gaji aikin ya gani tun kafin ya kira.