Darasi Na Shida: Sauya Girman Zane da Gyaran Kuskure a Saƙar Leshin Hannu

Tun ƙarni na 16 mata ke saƙa wannan leshi a Italiya da yankin da ake kira Beljiyam a yau, kuma har gobe ana koyar da shi a birnin Buruj na Beljiyam. Kayan aikin kun riga kun san su: matashi mai tauri, da kwarkwaron katako mai zare, da fil, da kwalin zane da aka huhhuda.

Wani lokaci zane zai burge ku amma ya yi ƙanƙanta ga bakin mayafin da kuke so ku yi wa ado. Ku kai shi wurin masu fotokwafi a ƙara masa girma. To, a nan ne yawancin masu koyo ke tuntuɓe. Idan zane ya girma, tazarar ramukan fil ta ƙaru, dole zare ma ya ƙara kauri. In kun bar siririn zare, saƙar za ta fito sako-sako kamar tsohuwar koma. In kuma kun rage zane kun bar zare mai kauri, sai ta cunkushe ta ƙi kwanciya. Ga gwaji: ku naɗa zaren a jikin rula, kusa da kusa. A zanen da Turawa ke kira Toshon, naɗi kamar 12 ya kamata ya cike tazarar fil biyu na gefe. Duk da haka ku fara saƙa ɗan guntu tsawon yatsa ku gani da idonku. Ni ban taɓa ƙin wannan ɗan jinkiri ba, domin yana ceton aikin mako guda.

Idan zare ya tsinke, kada ku ƙulla. Ƙulli yana nunawa. Ku rataya sabon zare a fil na sama, ku tafi da shi tare da ragowar tsohon na 'yan layuka, daga baya ku datse bakunan da almakashi.

Kuskure fa? Motsi biyu ne kacal a saƙar nan, gittawa da murɗawa, don haka komai yana warwaruwa. Ku cire fil ɗaya, ku mayar da kwarkwaro baya yadda suka zo, a hankali, har ku iso inda aka kauce.

Aikin gida: ku saƙa guntu biyu a kan zane ɗaya da zare iri biyu, ku kawo aji mu kwatanta.