Kwana 16 bayan arba'in: yadda za ki shirya komawa aiki da jinjiri a Yamai

Ranar da na gama wankan jego na fari, Inna tana ɗaure kayanta za ta koma Tawa, ni kuwa na ɗauko kalanda ina ƙirge. Dokar aiki ta 2012 ta ba mace hutun haihuwa na mako 14, kuma 8 daga ciki bayan an sauka ne. Mako 8 kwana 56 ke nan. Arba'in ta cinye 40. Saura kwana 16, ga ɗiya a hannu da ba ta san ƙamshin kowa ba sai nawa, ga biro a Filato, ga gida a Talaje. Ban shirya komai ba, kuma na ji a jikina. Yanzu ɗiyana uku, shi ya sa duk ƙanwar da ta zo mini da ciki tana aiki nake zaunar da ita in ce: shirin komawa aiki tun ciki na wata bakwai ake fara shi.

Ki fara da takardu, don su ne ba sa jiran kowa. Kafin ki tafi hutu ki zauna da mai kula da ma'aikata a wurin aikinki, a rubuta ranar fita da ranar dawowa, ki tambayi abin da CNSS, wato asusun inshorar ma'aikata, ke bukata a hannunki. In ke ma'aikaciyar gwamnati ce, tsarinku daban ne, ki nemi bayaninsa a ma'aikatarku. Sannan takardar haihuwa. Mu sai ran bakwai muke raɗa suna, alhali tun kwana na biyu an sallame ki daga matarnite, saboda haka dole wani ya koma ya kai sunan. Dokar 2019 ta ba da kwana 60 a yi rajistar haihuwa, in ya wuce sai an bi ta wurin alƙali. Wannan aikin uban ɗiya ne, ki ɗora masa tun kafin a watse daga zanen suna. Ya rubuta sunan da hannunsa a takarda yadda kuke so ya fito, domin a bakinmu A'isha ɗaya ce, amma a rubutun Faransanci akwai Aïchatou akwai Aïssatou, kuma harafi ɗaya yana iya bin yaro har ranar jarrabawa. Ta farin tamu sunan uwar mijina ta ci, a gida Ummi muke ce mata, amma ba Ummi ke kan takarda ba.

Sai babbar magana: hannun wa za ki bar jinjirin?

In kina da uwa ko gwaggo mai sauran ƙarfi da za ta zauna miki wata uku ko huɗu, ki gode wa Allah, ki roƙe ta da wuri, kafin damina ta riƙe ta a gona. Gidajen raino ma suna nan a unguwanni. In can za ki kai, ki je ba tare da kin sanar ba, da tsakar rana, ki ƙirga jarirai ki ƙirga hannuwan da ke riƙonsu, ki leƙa inda ake wanke musu kashi, ki tambaya me suke yi in kuran, wato wutar lantarki, ya tafi a watan Afrilu. Amma yawancinmu a gida muke ɗaukar mai raino, kuma a nan na yi kuskuren da har yau yake cina.

Wata 'yar uwa ta kawo mini yarinya daga ƙauye, aka ce tana da hankali, ta saba goyon ƙannenta. Ba ta fi shekara 13 ba. Na karɓa don ba ni da kowa, kuma, gaskiya, don kuɗinta kaɗan ne. A mako na biyu na dawo da la'asar na tarar da ƙofa a buɗe. Ummi tana kwance a tabarma ta yi kuka har muryarta ta dushe, kofin nonon da na bari yana gefe ƙuda na bi, yarinyar kuma ta haɗa kai da gwiwa a bayan randa, ita ma kuka take. Na ce, “Me ya faru?” Ta ce, “Anti, ta ƙi sha, kuma ni Innata nake so in gani.” Bakina ya mutu. Yara biyu na kulle a gida na tafi neman kuɗi. Doka ma ta hana a ɗauki wanda bai kai shekara 14 ba aiki, amma ko ba doka, wadda ita kanta raino take bukata ba a ba ta amanar jinjiri ɗan wata biyu. A ƙarshen makon na mai da ita wurin uwarta da kaina.

Ki nemi babbar mace, wadda ta haifa ta yaye. Ta wurin maƙwabta ko matan da kuke adashi tare ake samunsu. Ki je ki ga gidanta da idonki, ki san wanda za a nema in wani abu ya taso. Ku yanke magana tun farko: nawa ne a wata, ran nawa ake biya, wace rana ce hutunta, kuma raino ne aikinta. In kika haɗa mata wanki da shara da girkin gida duka, jinjirin ne zai biya. Ki biya ta kan lokaci ko da ke za ki ci bashi. Wadda ta riƙe mini na biyu da na uku Bazabarma ce daga Harobanda, kullum sai ta ƙetaro gadar Kennedy da sassafe, don haka kuɗin mota daban nake ba ta. Ribar da ban sa rai da ita ba, yaran sun tashi da Zabarmanci a baki, abin da ni 'yar Adar har yau nake kame-kame a cikinsa.

Mai rainon da kika samu ta fara zuwa tun washegarin arba'in, kina gida. Kwana uku na farko ku zauna tare, ki ga yadda take ɗaukarsa, ko tana wanke hannu da sabulu ba sai an ce ba. Rana ta huɗu ki fita awa ɗaya, ko kasuwar Wadata ce ki je ki dawo. Sannan awa uku, sannan rabin yini. Za ki ji kamar ana jan hanjinki, ki daure. Gara ya yi kukan sabo kina kusa da ya yi shi kina Filato.

A cikin waɗannan kwanakin ne kuma zai koyi shan nonon da aka tatsa. Likitoci sun ce nono zalla har wata 6, ba ruwa, ba komai, kuma mai aiki ma tana iyawa. Ki tatsa da asuba bayan ya sha, lokacin nono ya fi yawa, a cikin kofi mai murfi da aka tafasa. Kwanakin farko abin da zai fito ba zai rufe gindin kofin ba, kada ki karaya, yana ƙaruwa. Ni ƙaramin kofi da cokali na fi so a kan bibero, don wankinsu ya fi sauƙi kuma yaro ba ya ƙin mama daga baya. Mai rainon ce za ta ba shi, ke ki fita daga ɗakin, domin muddin yana jin ƙamshinki ba zai kalli kofi ba. A firigo nono yana kai kwana 4, a can ciki, ba a jikin ƙofa ba. A waje awa 4 ne, kuma wannan lissafin ɗaki mai sanyi ne, kamar digiri 25. Mu da zafinmu ke wuce 40 a bazara, ga kuran na zuwa yana tafiya, sai ki tanadi 'yar gilasiya da ƙanƙara. Ba a ɗora shi a wuta, a cikin kwanon ruwan ɗumi ake tsoma kofin.

Inda za ki sha fama shi ne wurin tsofaffi. Za a ce da wannan zafin ai zalunci ne a hana yaro ruwa, za a kawo bauri, wata ta lasa masa zuma. Zuma ba a ba yaro sai ya shekara. Kada ki yi musu da surukarki a gaban mai raino. Ni tare na tafi da tawa awo, na bar ungozomar likita ta yi mata bayani, daga ranar ita ce ma ke hana wasu.

Dokar aikin ta kuma ba ki har awa 1 a kowace ranar aiki don shayarwa, tsawon wata 12 daga haihuwa. Haƙƙinki ne, ki nema da ladabi amma ba da roƙo ba. In gidanki nesa ne, zuwa da dawowa kaɗai za su cinye awar, sai ki nemi a bar ki ki riƙa tashi da wuri. A biro kuma ki samu wuri ki tatsa ko sau ɗaya ne da rana, in ba haka ba nono zai cika ya yi miki ciwo, daga baya ya ja baya. Ki sa zane na biyu a jaka, za ki tuna da ni.

Ki duba karnen rigakafi tun yanzu. Allurar mako 6 tana samunki a gida, amma ta mako 10 da ta mako 14 kin riga kin koma aiki, ga ta wata 9 tana tafe. Ki nemi izinin waɗannan ranakun tun ranar da kika dawo, ko ku raba da uban ɗiya. Karnen ya zauna wuri ɗaya da mai raino ta sani, a cikinsa ki sa kuɗin taksi da lambarki da ta mijinki da ta maƙwabciya ɗaya. Ki gaya mata da baki, ki maimaita: in jikinsa ya yi zafi, ko ya ƙi sha, ko numfashi ya yi sauri, ko zawo, ko ya sanƙame, ta ɗauke shi ta nufi likitar unguwa, ta kira ki a hanya. Ba jiƙo, ba maganin 'yan tebur, ba jiran ki taso. Barcin rana ma a cikin gidan sauro, balle da damina.

Da yamma in kin shigo, kada ki fara da tambayar me aka yi me ba a yi ba. Ki wanke hannu, ki zauna, ki ba shi mama har ya saki da kansa. Mai rainon ta ba ki labarin yinin kina shayarwa, sau nawa ya sha, sau nawa ya yi fitsari, sannan ki sallame ta da sauran rana, ita ma tana da nata a gida. Da dare ki bar shi ya sha iya son ransa, wannan ne ke riƙe miki nono. Kofunan gobe kuma uban ɗiya ya tafasa su kafin ya kwanta.