Kurakuran da muke yi wajen zaɓen jirgin nutso na kwana a teku

A majalisarmu ta shayi a unguwar Nima ta Akra akwai wani ƙanenmu da ya samu katin nutso bara. Nutsonsa tara ne duk duniya. Ranar nan ya miƙo mini waya yana washe baki, hoton kifayen shak masu kan guduma ne sun yi dafifi a Galapagos, tsibiran ƙasar Ekwado da ke tekun Pasifik. Ya ce, "Yaya, nan za ni, har na fara tara kuɗi." Na ce ya ajiye wayar ya sha shayinsa tukuna, domin irin wannan zumuɗin ne ya taɓa kunyata ni a Bahar Maliya.

Ga wanda bai san harkar ba, jirgin kwana jirgin ruwa ne da masu nutso ke tarewa a cikinsa kamar mako guda. A nan ake ci, a nan ake barci, a shiga ruwa da tukunyar iska sau uku ko huɗu a rana. A Masar safari suke ce masa. Daɗinsa shi ne yana kai ka inda jiragen yini ba sa zuwa. Wahalarsa kuma, in ka shiga ka ga abin ya fi ƙarfinka, ba tasha ba ce da za ka ce wa yaron mota a sauke ka.

Babban kuskure shi ne ɗaukar kati a matsayin ƙwarewa. Katin farko na PADI, ƙungiyar da ke koyar da nutso, wato Open Water, iyakarsa zurfin mita 18. Na gaba, Advanced Open Water, ya kai mita 30, kuma mutum na iya samun sa da nutso biyar kacal a kan na farkon. Ke nan akwai mai riƙe da katin mita 30 wanda bai cika nutso goma ba. Shi ya sa jiragen kirki ba sa tsayawa a kan kati, sai sun tambayi yawan nutson da ke rubuce a littafinka da ranar da ka yi na ƙarshe. Masu zuwa tsibiran Brothers da duwatsun murjanin Daedalus da Elphinstone a Masar galibi nutso 50 suke nema.

Ni nawa 22 ne lokacin, na rubuta 50 a fom. Ba wanda ya buɗe littafina, na ɗauka na ci banza. Kwana na uku da asuba kwalekwalen roba ya kai mu bakin wani dutsen murjani, jagora ya ce ba a tsayawa a sama, kowa ya faɗa ya wuce ƙasa kai tsaye saboda jan ruwa. Ban taɓa yin haka ba. Na faɗa, na tsaya neman bututun sakin iska, kafin in farga ruwa ya raba ni da ayari. Na yi ta harba ƙafa ina haki har na cim musu a kusan mita 28. Da na duba ma'auni bayan minti goma sha biyar, tukunyar da na shiga da ita da matsin iska bar 200 ta koma 70. A wannan zurfin matsin ruwa ya kusa ninka na sama sau huɗu, iskar da kake zuƙa ma haka take ƙarewa, balle ga mai tsoro a zuci. Dole jagora ya haura da ni, ayarin duka suka biyo baya. Mutum bakwai da suka biya kuɗinsu na katse wa nutso. A teburin karin kumallo ba wanda ya ce mini uffan, kuma da zagina suka yi da ya fi mini sauƙi.

Gyaran ba wuya: faɗi gaskiyar adadinka, ka bar masu jirgin su ce maka e ko a'a. In kana ƙasa da 30, nemi hanyar arewacin Bahar Maliya da ke tashi daga garin Hurghada na Masar, ko tsibiran Similan na Tailan waɗanda ake buɗewa daga tsakiyar Oktoba zuwa tsakiyar Mayu. Ko a arewan ma ka yi tambaya, don jirgin Ingilan nan Thistlegorm da Jamusawa suka nutsar a 1941, mai babura da motoci a cikinsa, yana kwance ne a kusan mita 30, kuma ruwan wurin yakan ja. Abin da ya fi duka, ka sauka kwana uku kafin tafiyar ka yi nutson yini daga otal, ka ƙara adadi, jikinka ya tuna.

Batun tunawar nan mu ya fi shafa. Tekunmu na Akra na masunta ne da masu wasa a Labadi, igiya ce mai ƙarfi da ruwa mai duhu, ba inda mutum zai riƙa nutso duk Asabar ba. Sai ka ga an shekara ba a taɓa tukunya ba, sannan a faɗa jirgin da ake nutso ashirin a mako. Wanda ya wuce wata shida bai shiga ruwa ba, ya nemi malami a sake bita da shi ko da a wurin ninkaya ne: cire gilashin fuska da mayarwa, daidaita jiki a tsakiyar ruwa, da harba balan-balan ɗin nan mai ruwan lemo da ke nuna wa direban kwalekwale inda kake. Na ƙarshen nan mutane da yawa ba su taɓa gwadawa ba sai ranar da suka ɓata.

Wani kuskuren shi ne tambayar zurfi kawai, a manta da jan ruwa da sanyi. A Maldibs doka ta tsayar da nutson shaƙatawa a mita 30, sai mutum ya ce ai da sauƙi. Amma daɗin wurin yana mashigar ruwa tsakanin tsibirai, inda ake maƙala ƙugiya a dutse, ruwa na kaɗa ka kamar tuta. Komodo ta Indonesiya har ruwan da ke jan mutum ƙasa akwai. Galapagos ɗin ƙanena kuwa, ga ja ga sanyi, sai da rigar roba mai kaurin milimita 7, kuma tsibiran Darwin da Wolf da ake ganin kifayen suna da nisan gaske daga asibiti. Ka rubuta wa masu jirgin ka tambaye su ƙarara: nutso nawa ne a cikin jan ruwa, mutum nawa ke bin jagora ɗaya, kuma in na ce yau ba zan shiga ba, akwai wuri mai sauƙi?

Sai lafiya, wadda muke cike fom ɗinta da "a'a, a'a, a'a" ba tare da karantawa ba. Mai ciwon sikila ba ya nutso da tukunya, wannan ba abin musu ba ne, kuma ciwon ba baƙo ba ne a zangonmu. Mai asma, mai hawan jini, mai suga, sai likita ya duba ya sa hannu. Kada kuma a haɗa tafiyar da azumi, domin ƙarancin ruwa a jiki na ƙara haɗarin ciwon da kumfar iskar naitirojin ke haddasawa a jini da gaɓoɓi. Maganinsa sai a ɗakin matsin iska, kuɗinsa kuma ba na wasa ba ne, don haka a sayi inshorar nutso irin ta DAN, ƙungiyar da ke kula da lafiyar masu nutso. Inshorar tafiya ta yau da kullum sau da yawa ba ta ɗauke shi.

Daga nan sai tikiti. Bayan kwanaki ana nutso, ƙa'ida ita ce a jira aƙalla awa 18 kafin hawa jirgin sama, masu jirage da yawa ma 24 suke cewa. Ɗan gajeren tashin nan daga Hurghada zuwa Alƙahira shi ma tashi ne, kada a ce sai na Akra za a lissafa. Katin rigakafin shawara kuma ya zauna cikin fasfo.

Kuɗin da ke kan talla ba shi ne kuɗin ba. Hayar kaya, kuɗin shiga gandun ruwa, biza, iskar naitiroks mai ƙarin oksijin, ihsanin ma'aikata, duk daban ne, kuma da yuro ko dala ake biya, ba da sidi ba. Amma kada neman araha ya hana ka duba jirgin kansa. A watan Satumba na 2019 jirgin nutso mai suna Conception ya kama da wuta da daddare a gaɓar Kalifoniya, mutum 34 suka mutu a ɗakin barci na ƙasan jirgi, kuma bincike ya nuna babu mai gadin da ke zagayawa a daren. Tun daga nan ina tambayar abu huɗu kafin in biya: mai gadin dare, na'urar jin hayaƙi, ƙofar tsira ta biyu daga ɗakunan barci, da tukunyar oksijin ta gaggawa. Daren farko ina zuwa in buɗe ƙofar tsiran da hannuna.

Ƙananan abubuwa ma na ɓata mako guda. Maganin jirin teku ana shan sa ne kafin jirgi ya tashi, ba bayan an fara amai ba. Mu masu gashin baki, gilashi yakan yi yoyo ta ƙarƙashin hanci, sai a rage gashin wurin kaɗan. Alƙibla kuwa kullum tana sauyawa da juyin jirgi, amma a Masar da Maldibs ma'aikatan Musulmi ne, ka tambayi kyaftin ya nuna maka.

Ƙanen nawa dai bai ji daɗin maganata ba, ya ce na tsufa ne. Bayan sati biyu ya dawo majalisa da takarda, ya lissafo kuɗin kwana huɗu a otal a Hurghada da kwas ɗin Advanced da safarin arewa na mako guda, kuma duka bai kai rabin na Galapagos ba. Hoton kifayen yana nan a fuskar wayarsa. Ya roƙi in ara masa balan-balan ɗina, ranar Lahadi za mu je wurin ninkaya ya koyi harba shi.