Yadda zaka hana tusar jaki yaɗuwa a jikinka da na mutanen gidanka

Tusar jaki dai sunan ne kawai, jaki bai san ma ana yi ba. Wannan ɗan tsiron mai kaushi da ke fitowa a yatsa ko bayan hannu ko tafin ƙafa, ƙwayar cuta ce ke kawo shi wadda likitoci ke kira HPV, kuma tana da iri sama da 100. Tana shiga ne ta inda fata ta tsage, ko da ƴar ƙujewa ce wadda kai baka ma lura da ita ba, sannan ta yi lamo abinta wata 2 zuwa 6 kafin tsiron ya leƙo, shi yasa in ka tsaya tunanin a ina na kwaso wannan abu wallahi ba zaka tuna ba.

Abu na farko, kuma ni a ganina shi ne rabin aikin, ka cire hannunka daga kai. Na taɓa samun guda ɗaya a babban yatsa, ina zaune ina ta ɓantararsa da farce, da naga bai da niyyar tafiya sai na sa reza na yanke shi, jini ya zuba nace shikenan na huta. Bayan ƴan watanni sai gashi ya dawo harda ƙanne uku a jere, daidai inda rezar ta karce ni. Ashe ni da hannuna na shuka su. Waɗannan ɗigo-ɗigon baƙaƙe da ake gani a ciki mutane ke cewa iri ne ko saiwa, ba haka bane, ƙananan jijiyoyin jini ne da suka toshe, tono su baya kashe komai sai dai ya watsa ƙwayar.

To in hannun ya ƙi jin magana, musamman yara, a rufe da filasta. Filasta na aiki biyu, tana hana sosawa tana kuma hana tsiron goguwa da fatar wani. A canja in ta jiƙe, a wanke hannu da sabulu duk lokacin da aka taɓa wajen. Yaron da ke cizon farce kuwa a sa masa ido sosai, domin gefen farcensa kullum a tsage yake, zaka ga sun zagaye farcen kamar zobe, wani lokacin har su haura leɓe. Irin na gefen farce ɗinnan suna da taurin kai wajen magani.

Sai kayan amfani. Tawul, safa, takalmi, reza, abin yanke farce, dutsen goge ƙafa, kowa ya riƙe nasa. Kai kanka ma abin da ka goge tsiron da shi kar ka mayar dashi kan lafiyayyar fata, ka ware shi ko ka yar. Masu aske gemu da mata masu aske ƙafa, akwai wasu ƙanana shafaffu masu santsi da ke fitowa da yawa lokaci guda, in ka bi ta kansu da reza sai ka ga sun jeru layi ɗaya kamar an ja da biro. A kewaye wajen, ko a haƙura da askin har a samu magani.

Na tafin ƙafa suna son danshi. Banɗakin da jama'a ke wanka, gefen wajen ninƙaya, ɗakin canja kaya na ƴan motsa jiki, kar ka taka da ƙafa zalla, ka sa silifas. In kai ne mai ita ka rufe ta da filasta mai hana ruwa shiga kafin ka je. Ƙafar da ta jiƙe ta yi laushi tafi saurin kamawa, don haka a riƙa tsane ta har tsakanin yatsu, a canja safa kullum. Masu faso ko busasshen hannu su dage da shafa mai.

Amma dan Allah kar a mayar da mai ita kamar abin gudu. Gaisawa sau ɗaya ba kasafai take sa mutum ya ɗauka ba, kuma a yara da yawansu su kan ɓace da kansu cikin shekara 2 ba tare da an yi komai ba. In kana so ka gaggauta, akwai maganin shafawa mai sinadarin salisilik, ka jiƙa wajen a ruwan ɗumi kamar minti 5, ka goge matacciyar fatar a hankali, ka ɗiga a kan tsiron kaɗai, kullum, kuma yana iya kaiwa sati 12 don haka ba na mai gajen haƙuri bane. A asibiti kuma suna daskarar da shi da ruwan naitirojin. Mai ciwon suga kar ya taɓa ƙafarsa da irin wannan magani sai likita ya gani, haka mai raunin garkuwar jiki, haka in a fuska yake, ko yana zubar da jini ko yana canja kala.

Wanda ke fitowa a al'aura maganarsa daban ce, ta saduwa ake ɗauka, kuma kusan kashi 90 cikin 100 HPV iri na 6 da na 11 ne ke kawo shi. Kar a kuskura a shafa maganin salisilik ɗin a wajen, zai ƙona mutum. Kwaroron roba yana ragewa amma baya rufe duk fatar, gara miji da mata su je a duba su tare. Akwai allurar rigakafin Gardasil tun 2006 wadda ke kare mutum daga waɗannan biyun harda iri na 16 da 18 masu jawo yawancin sankarar bakin mahaifa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana so a yi wa ƴan mata rigakafin HPV tsakanin shekara 9 zuwa 14. Sai dai ba don na hannu da ƙafa aka yi ta ba, waɗannan kam sai filasta da silifas da haƙurin barin sosawa.