Yadda ake nazarin dokar "kuturta" ta Isra'ilawan dā

Na daɗe ina koyar da Tsohon Alkawari a ajin masu koyon wa'azi, kuma kowace shekara wuri ɗaya ɗalibai ke tuntuɓe: Littafin Firistoci sura 13 da 14. Ba sai ka kashe kuɗi kan manyan littattafan sharhi ba. Littafi Mai Tsarki da biro da takarda sun ishe ka.

Da farko, ajiye kalmar "kuturta" gefe. Da Bahaushe ya ji ta, sai ya hango mai dungun hannu a bakin kasuwa. A Ibrananci tsara'at ake cewa, kuma tana kama tufar ulu da ta lilin, da kayan fata, har da bangon gida. Cutar da likita Hansen na ƙasar Norwe ya gano ƙwayarta a 1873 kuwa ba ta cin bango. Rubuta "cutar fata" kawai. Ɗalibin da bai yi haka ba, ba na karɓar aikinsa.

Sai ka bi sura 13 kana ja wa duk abin da firist ya yi layi. Yana duba ko gashin wurin ya yi fari, ko tabon ya zarce fata zurfi. In yana shakka, ya keɓe mutum kwana 7, ya sake dubawa, wani lokaci ya ƙara 7. Ba ya jiƙa magani, ba ya shafa komai. Hukunci yake yankewa: mai tsarki ko marar tsarki. Tsaya a aya 12 da 13, inda wanda farin ya rufe shi daga kai har ƙafa aka ce tsarkakakke ne. Wanda ya ɗauki firist likita ne, nan zai rikice.

Mataki na uku shi ne inda ni kaina na faɗi. Na taɓa tsayawa gaban jama'a a wani ƙauye na ce wannan cuta hoton zunubi ce, wanda ta kama Allah ne ya kama shi. Da aka tashi, wata dattijuwa ta tare ni, tana murɗa bakin zanenta, ta ce, "Malam, to mahaifina me ya yi?" Kuturu ne ya haife ta. Na koma gida na karanta sura 13 sau uku ina neman ayar da zan kare kaina da ita, ban samu ba. Surar ba ta faɗi laifin kowa ba. Rashin tsarki daban, zunubi daban: mai jego ma ana ce mata marar tsarki a sura 12, haka wanda ya taɓa gawa, ko da ta mahaifinsa ce. Gaskiya ne Maryamu 'yar'uwar Musa da Gehazi baran annabi Elisha da sarki Uzziya horo ne ya same su da wannan cuta, nassi ya faɗa. Amma Na'aman, shugaban sojojin Suriya, fa? Ba inda aka jingina cutarsa da laifi. Don haka raba takardarka gida biyu, inda aka ambaci dalili da inda ba a ambata ba. Kada ka ɗebo daga wannan gida ka zuba a wancan.

Daga nan duba aya 45 da 46. Yagaggun tufafi, gashi barkatai, rufe leɓen sama, zama bayan zangon Isra'ilawa. Shigar masu makoki ke nan a wurinsu, wato ana lissafa mutumin kamar wanda mutuwa ta taɓa. In ka gane wannan, sura 14 za ta buɗe maka, don sura ce ta dawo da mutum cikin danginsa. Firist ne ke fita wurinsa. A kawo tsuntsaye 2, da itacen al'ul, da jan zare, da ɗaɗɗoya. A yanka ɗaya a kan ruwa cikin kasko, a yayyafa wa mutumin sau 7, a saki ɗayan ya tashi. Ya yi aski har gira, ya yi wanka. A rana ta 8 a shafa masa jinin ɗan ragon hadaya a kunnen dama, da babban yatsan hannun dama, da na ƙafar dama. Buɗe sura 8 ka kwatanta: haka aka yi wa Haruna da 'ya'yansa ranar keɓe su don aikin firist. Kada kuma ka tsallake aya 21 da 22, inda aka rage wa matalauci, ɗan rago 1 da kurciyoyi ko 'yan tattabaru 2 a maimakon tumaki 3.

Warkarwa kanta sai ka neme ta wajen annabawa. Musa ya yi wa Maryamu roƙo, jama'a kuma ba su tashi daga zango ba sai da ta cika kwana 7 ta dawo. Elisha ya aika Na'aman Kogin Urdun. Ishaya ya sa aka manna wa sarki Hezekiya curin ɓaure a kan maruru. Ka haɗa da Fitowa 21:19, inda wanda ya ji wa wani rauni zai biya kwanakin da ya rasa, ya kuma ɗauki nauyin jinyarsa har ya warke.